Saniyar da Ta Tsere wa Allura

A duk ranakun aikina, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce wata Asabar ta ƙarshen Disamba, ina wata na huɗu a gonar kiwon Alhaji Sabo da ke wajen Lajawa. Saboda sababbin ma'aikata nake ba da labarin, ko da yake ba lallai kowa ya ga abin yadda na gan shi ba.

An ɗauke ni jami'in kula da garke, a kan gwajin wata shida. Kiwon dabbobi na karanta, ba likitanci ba, amma kowa Likita yake ce mini. A ƙarƙashina akwai shugaban makiyaya, Baba Jauro, wanda ya tsufa tare da shanun gidan.

Ranar Alhamis jadawalina ya nuna a yi wa shanun tatsa allurar tsutsar ciki. Ga wanda bai sani ba, wannan magani yana fita ta nono, don haka ba a shan nonon sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Baba Jauro ya ce, "Likita, dole sai yau?" Na ce haka takarda ta nuna. Shanu sha biyu ne, sha ɗaya aka kawo. Ya ce ɗayar, Wule, ta ƙi dawowa daga fadama. Na rubuta masa takardar gargaɗi.

Abin da ban sani ba shi ne, duk lokacin sanyi in an ba da hutun makaranta, 'ya'ya da jikokin gidan suna taruwa a gonar. Da safiyar Asabar a hura wuta a tsakiyar garke, a tatsi nono a dafa, Inna Dije, mahaifiyar Alhaji, ta shayar da kowane jika da hannunta. Ba ta yarda da nonon wani garke.

Ranar Asabar ɗin na iso na tarar da motoci, yara cikin rigunan sanyi, ƙore a jere. Na tsaya ina lissafi. Mai yiwuwa kofi ɗaya ba zai yi wa kowa komai ba. Mai yiwuwa kuma ya yi, ga 'yan shekara biyu a wurin. In na yi magana kuwa, watakila ƙarshen gwajina ke nan.

Na durƙusa gefen Alhaji. "Ranka ya daɗe, nonon nan ina ganin bai kamata a sha ba. Shekaranjiya na yi musu allura."

Ƙanensa, Kawu Garba, ya yi dariya. "Likita bokan Turai, ai dafawa za a yi."

"A iya sanina, dafuwa ba ta fitar da shi."

Alhaji ya juyo gare ni. "Ba wanda ya gaya maka ranar yau?"

"Ban tambaya ba, ranka ya daɗe."

Inna Dije ta kife ƙwaryarta a cinya. "Ɗan nan, bara ma da ƙyar aka ɗauko ni. Baɗi kuma sai wanda ya gani."

Ana cikin haka Baba Jauro ya ɓullo ta bayan rumbun harawa, yana janye da Wule. Ashe kwana biyu tana ɗaure a gidansa. Ya tatse ta, nonon bai kai rabin ƙwarya ba. Inna ta sa aka kawo ƙaramin ludayi, ta riƙa kiran jikoki da sunayensu, kowa kurɓi ɗaya. Ya isa, da ɗan saura. Sauran ta miƙo mini. "Sha, tun da kai ma ka faɗi gaskiya da sanyin safiya."

Alhaji bai kore ni ba, bai kuma yaba mini ba. Cewa ya yi in sa ranar a jadawali.

Da na je karɓar takardar gargaɗin don in yaga, Baba Jauro ya hana. "Bar mini abata, Likita. Ban taɓa samun takarda da sunana ba."

Abin da nake jin na koya shi ne, garke yana da jadawali biyu, ɗaya a takarda, ɗaya a zukatan mutanen gidan. Yanzu in makiyayi ya ce mini "dole sai yau?", ajiye sirinji nake yi in ce, "Me ke tafe, Baba?"