Kan Jirgin Layinmu

Ƙananan gidajen layinmu manne suke da juna, shi ya sa ake ce musu taragun jirgin ƙasa, ko da yake ban taɓa ganin sun motsa ba. Kawuna mai gyaran keke yana gidan ƙarshe, amma ya rantse shi ne kan jirgi. Wani tela da ke ɗaya ƙarshen ya ce, "Malam, kai ne wutsiya!"

Suka daina gaisawa. Rannan Kawu ya kafa bututu a rufinsa, ya dinga ƙona tsumma. Tela ya ga hayaƙi, ya sallama.

Yanzu famfon kowa ya lalace, sai a buga wa Kawu ƙofa: "Direba, jirginka ya tsaya!" Jiya ya ciro bututun ya kai wa tela kyauta. Tela ya ƙi buɗe ƙofa.