Jirgi Mai Huji Shida

Shekarun baya, ba a fi wata bakwai da rasuwar mahaifiyata ba, na sayi jirgin ruwa a nan Greensboro, a Amurka. Duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya, don a lokacin ko kujerar kirki babu a ɗakina. Ina zaune ni kaɗai a wani ɗan gidan haya a bayan titin Wendover, ina tuƙa motar ɗaga kaya a sito. In na tashi daga aiki sai in dawo in dafa taliya, in ci a tsaye. Akwai ranar Asabar ɗin da na lura tun safe har la'asar ban buɗe baki na yi wa ɗan'adam magana ba, sai sallamar sallah.

Ni ɗan Yauri ne, kuma mahaifina jirgin ruwa yake haɗawa, kwalekwalen katako irin wanda ke ɗaukar mutum ashirin da buhunansu. Mutum ne marar magana. Ba faɗa yake ba, ba fushi yake ba, haka Allah Ya yi shi. Ya so in gaje shi, ni kuma na bi boko. Ranar da ya haƙura, ya dubi wani liƙi da na yi a gindin jirgi, ya cire shi da yatsa ɗaya, ya ce, "Hannunka na biro ne." Bai ƙara ba, bai kuma sake kirana bakin ruwa ba.

Da na zo Amurka, wayarmu iri ɗaya ce kullum. "Baba, ina wuni?" "Lafiya. Ya aiki?" "Alhamdulillahi." "To, ga mahaifiyarka." Ita ce mai hirar, ita za ta faɗa mini wanda ya haihu da wanda ya yi aure, har da abin da Baba ya ce a kaina bayan an kashe waya. Da ta rasu sai ya zama babu wanda zai miƙa wa wayar. Mu gaisa, mu yi shiru, ina jin numfashinsa yana jin nawa, can sai ya ce, "To, Allah Ya yi albarka." Minti biyu ba ma cikawa. Na fara tsallake mako, daga nan mako biyu, kuma wallahi abin yana cina, don na ga ina rasa shi alhali yana da rai.

Wata Asabar ina yawo a mota ba inda za ni, na tsinci kaina a wani ɗan gari, Pleasant Garden. Wata dattijuwa ta baza tsofaffin kaya a ƙofar gidanta, kamar yadda suke yi a nan. Can a kan ciyawa na hango wani ɗan jirgin roba ruwan ɗorawa, irin wanda suke kira kayak, mai wurin zaman mutum ɗaya a samansa. Ta ce na mijinta ne, ya rasu. Ban tambaye ta komai a kan jirgin ba. Ni da aka haifa a bakin kogi, wata tsohuwa ce za ta koya mini jirgi? Na ɗaure shi a saman mota na taho ina jin kaina.

Sai da na kife shi a bayan gida sannan na ga abin da ya tayar mini da hankali. Huji shida a gindinsa! Biyu a wurin zama, huɗu a wurin ƙafa, kowanne babban yatsa zai shige, kana leƙawa kana ganin ƙasa. Na ce, "Kai! Ashe tsohuwar nan ta yi mini wayo." Ko a raina ban kawo ba cewa hujin sun yi kyau da yawa, a jere biyu-biyu, bakinsu sumul. A gidanmu huji a jirgi abin kunya ne, ba a tsayawa kallon kyansa.

Na je kanti na sayo kwaltar rufin gida, na yayyaga tsohuwar rigata. Na zauna na murza tsumman nan yadda Baba yake yi, na tsoma a kwalta, na cusa, na bi da ɗan katako ina dokawa da guduma har ya daina shiga, sannan na shafe sama da ƙasa. Yini guda na yi a kai. Maƙwabcina ya wuce da karensa, ya tsaya ya kalle ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya ɗaga mini hannu ya wuce. Na ɗauka burge shi na yi.

Asabar ta gaba na kai shi tafkin da ke arewacin gari. Na sa rigar hana nutsewa, na ɗauki filafilinsu mai baki biyu, wanda da farko na riƙe shi kamar muciya. Da na yi nisa kaɗan hannuna ya gane hanya. Jama'a, na ji daɗi. Rabon da in ji ruwa yana bugun gindin jirgi a ƙarƙashina har na manta. Ina cikin wannan sai hadari ya haɗo, aka sako ruwa, wani jirgin inji kuma ya wuce ya watso mini igiyar ruwa har cinya. Kafin in ankara ina zaune tsamo-tsamo kamar an jiƙa wanki a baho, jirgin ya yi nauyi, yana tangaɗi. Allah Ya so na taho da galan ɗin madara da na yanke, don ɗan Yauri ba ya shiga ruwa ba abin kwarfa. Na ajiye filafili na hau kwarfar ruwa.

Wani dattijo baƙar fata ya matso kusa da ni a nasa jirgin. Shi ko filafili bai riƙe ba, da ƙafa yake tuƙawa kamar keke, hannunsa riƙe da sandar kamun kifi. Ruwan da ya dake ni ya dake shi, amma wurin zamansa babu ruwan da ya kwanta. Ya leƙo jirgina ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce, "Ni ne," har da ɗan murmushi.

"Me ya sa?"

"Huji ne da shi. Guda shida."

Bawan Allah nan ya yi ƙoƙari ya riƙe dariyarsa, amma ina! Sai da ya share hawaye sannan ya yi mini bayani. Jirgin ashe rufi biyu ne, sama da ƙasa, tsakaninsu iska ce a kulle, ita ke ɗauke da shi. Hujin nan bututu ne da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, kuma da yake wurin zaman ya fi ruwan tafki tudu, duk ruwan da ya shigo ta sama sai ya zurare ta nan da kansa. Ya ce, "Ba don ruwa ya shiga aka yi su ba, don ya fita ne. Kai kuma ka kulle shi a ciki." Ya raka ni har gaɓa. Na gode masa, na ɗaure jirgina, na shiga mota da jiƙaƙƙen wando.

A cikin motar nan na yi dariya ni kaɗai, sai kuma dariyar ta tsaya, don na rasa wanda zan ba labarin. Abokan aikina ba za su gane abin dariyar ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai gane. Na duba agogo, a gida an yi la'asar, na kira shi.

Muka gaisa, shirun nan ya fara sauka. Na yi maza na ce, "Baba, yau na ga jirgi mai huji shida a gindi, kuma ba ya nutsewa."

Ya ce, "Ƙarya ne."

Tunda nake ban taɓa jin ya amsa magana da sauri haka ba. Na yi masa bayanin rufi biyun. Ya ce in sake. Na sake. Ya tambayi tsawonsa, na faɗa masa kamu nawa ne, ya tambayi faɗi, ya tambayi mutum nawa yake ɗauka. Na ce ɗaya.

"Ɗaya? To wa ke riƙe baya?"

"Shi mai jirgin."

"Wa ke kwarfa?"

"Babu kowa, Baba."

Can ya ce, "Shi ya sa suka huda shi. Ba su da mai kwarfa." Ya ƙara da cewa, "Kai ma kai kaɗai kake shiga?" Na ce eh. Ya ce, "Ka riƙa kirana in ka fito." Ranar mun yi kusan awa guda. Abu ɗaya na ɓoye masa, ban ce ni na toshe hujin ba, don kunya ta hana ni.

Washegari na zauna cire liƙin. Biyar suka fita da ƙyar, da sukurdireba da zagin kaina. Na shida, na ƙarƙashin ƙafar hagu, ya ƙi. Na yi, na yi, na ga zan fasa robar, na bar shi.

Daga nan duk Asabar in na fito daga ruwa sai in kira. Na zama ɗan rahoton Baba. Duk wani sabon abu da na gani a bakin tafki sai in ɗauki hoto in tura wa ƙanwata ta nuna masa. Jirgin tuƙin ƙafa kuwa, Baba ya ce wannan na ragwaye ne, amma sai da ya sa na kwanta a ƙasa na ɗauko masa hoton fikafikan da ke gindinsa. 'Yar tayar da ake ɗora jirgi a ja shi zuwa ruwa ta ba shi tausayi, ya ce, "Ko mai kama masa ɗauka mutum ba shi da shi?" Igiyar da ake ɗaure filafili da ita don kada ya tafi ita ce ta burge shi, ya ce wanda ya ƙirƙiro ta ya taɓa yin asara. Ƙanwata ta ce ya sassaƙa ɗan ƙaramin jirgi ya huda shi, ya sa a baho, nan take ya nutse. Tana ba ni labari ina jiyo shi a bayanta yana dariya. Na kai shekara talatin da wani abu, ranar na fara jin dariyar mahaifina sosai.

Mun fi shekara a haka. Da ciwo ya kwantar da shi, muryarsa ta yi ƙasa, wata Asabar na ga babu amfanin ci gaba da ɓoyo. Na ce, "Baba, akwai abin da ban faɗa maka ba. Ranar da na sayo jirgin nan, ni na toshe hujin duka shida."

Na jira dariya, ba ta zo ba.

"Da me?"

"Tsumma da kwalta."

"Ka murza, ko cusawa kawai ka yi?"

"Na murza, na doka da katako."

"Ya yi yoyo?"

"Ko ɗigo. Ɗaya ma har yau ya ƙi fita."

Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "Ni ma da ni ne, da na toshe su." Sannan ya ce, "Ashe hannun ya koya."

Bayan mako uku ya rasu. Ban samu zuwa jana'iza ba, sai daga baya na je na yi addu'a a kabarinsa.

Har yanzu ina nan Greensboro. Na canja gida, na sayi kujera, ina da mutanen da nake gaisawa da su bayan Juma'a, amma ba zan yi muku ƙarya ba, kaɗaicin bai tafi ba. Ya fi damuna ranar Asabar, lokacin da na ɗaure jirgi a saman mota na zauna, hannuna ya kai kan waya da kansa. Abin da na gane shi ne shekara da shekaru ina jiran Baba ya yi mini irin hirar mahaifiyata, alhali shi bakinsa a jirgi yake, ni ne ban taɓa kawo masa jirgi ba. In kana da irin wannan uban, kada ka tsaya a "ya jiki, ya gida". Ka tambaye shi abin da hannunsa ya sani, tun yana iya amsawa.

Dattijon nan mai tuƙin ƙafa muna haɗuwa jefi-jefi. Kwanaki ya ga ruwa ya ɗan taru a ƙarƙashin ƙafata ta hagu, ya ce yana da wani ƙarfe a mota da zai fitar da liƙin cikin minti biyar. Na ce masa na gode, a bar shi.