Ƙyauren Baba Tsoho

Karaye, kafin gari ya waye

Ina idar da sallar asuba na suri jakata, ko koko ban tsaya sha ba. Maigidana ya biyo ni har ƙofar gidanmu a Unguwar Hajji yana cewa, "Rabi, ki bari ruwan nan ya ɗauke mana. Ƙyaure ne fa kawai." Na ce masa ruwan da yake so in jira shi ne ya hana ni runtsawa.

Ga abin da ya tashe ni. Jiya da la'asar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya kira ni daga ƙauyenmu da ke bayan Rogo. Cikin hira ya ce kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, lafiyarsa ƙalau, sai dai ƙyauren ɗakinsa ya sake ƙin rufuwa, an kira kafinta ya ƙara rage shi. Na ce, "Kawu, ya sake?" Ya ce ai tun bara yake wannan tsiyar, da ya cije sai a sassaƙe masa gefe. Har da dariyarsa.

Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Mun yi shekaru a Gembu, kan tsaunin Mambila, lokacin da maigida yake koyarwa a can. Gari ne da rufin wani yake daidai da dokin ƙofar wani, kowa a kan gangare. A can na koyi cewa ƙasa ba ta zaftarewa sai ta yi sallama. Bango zai tsage, bishiya ta sunkuya, ruwa mai laka ya riƙa tsattsafowa daga gindin tudu, ƙofa ta ƙi rufuwa. Maƙwabciyata a can tana ganin ƙofarta ta cije ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan ƙanwarta. Muka yi ta yi mata tsiya, har ranar da muka ga ɗakin nata a kwance cikin gonar mutanen ƙasa. Ɗakin Baba Tsoho kuma shi ne na ƙarshe a gidan, a bakin kwazazzabon da ruwa yake ci tun ina yarinya. Ga shi muna tsakiyar marka.

Tasha

A tasha ɗan kamasho ya karɓi jakata yana rantsuwa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Na shiga na zauna. Ashe rabin waɗanda ke ciki 'yan cika mota ne, duk fasinjan da ya zo sai ɗaya ya sulale ya fita kamar zai sayo goro. Har rana ta fito muna nan, saura mutum ɗaya. Na ce wa direban, "Malam, mutum ɗayan nan an haife shi kuwa?" Ya ce, "Hajiya, haƙuri, yana hanya." Da na ga abin ba na ƙare ba ne, na biya kuɗin kujerar da ta rage, ya tayar da mota yana sa mini albarka.

Wani dattijo mai buhun gyaɗa da ke kusa da ni ya tambaye ni ko rasuwa aka yi nake wannan sauri. Na ce a'a, rasuwar nake so in riga. Na ba shi labarin ƙyauren da abin da na gani a Gembu. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ai Hajiya mu nan ba a girgizar ƙasa. Wannan sai ƙasashen da muke ji a rediyo." Na ce ban ce ƙasa za ta girgiza ba, na ce za ta zame. Ya ce to ai duk ɗaya ne, kuma mu ba mu da duwatsu. Na juyar da kaina wajen taga na bar shi da gyaɗarsa.

Hanyar Rogo

Mun tarar da shingen jami'an tsaro ɗaya a hanya. Jami'in ya leƙo, ya gaishe mu, ya ɗaga bayan mota ya ga buhu da jakunkuna, ya ce Allah ya kiyaye. Wannan kaɗai ne abin da ya tafi daidai a ranar.

Can gaba muka iso wani kwalbati inda ruwa ya ci gefen hanya, har kana hango ƙasan kwalta a rataye ba abin da ya tokare ta. Direba ya nufi wajen kai tsaye. Na ce, "Kai, ba ka ga rami ba?" Ya ce, "Tun bara haka take, ai ba ta faɗi ba." Na riƙe kujera ina salati har muka haye. Wannan kalma, ai bai faɗi ba, ban san ita zan wuni ina ji ba.

Rogo

Mun shiga Rogo da hantsi, sama ta yi baƙi ƙirin ta gabas. Na sayi fura da nono wajen wata Bafulatana a bakin kasuwa na sha a tsaye, na kuma ƙulla wa tsoho tasa. 'Yan acaɓa suna jin sunan ƙauyenmu suka fara kallon juna, wai taɓo ya yi yawa. Da ƙyar ɗaya ya yarda, bayan ya ninka kuɗin. Inda laka ta yi zurfi sai in sauka in tattare zane in bi shi a ƙafa yana tura babur. Na iso gidan kakana takalmi a hannu, ƙafafuna kamar na dawo daga kwaɓar ƙasa.

Gidan Baba Tsoho

Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini tsawo ba sai ranar. Ina gajiya, ya yara, ya maigidan, ya damina, ya mutanen Karaye. Matan gida kowacce sai ta yi tata daga farko. Ina amsawa, idona yana kan ɗakin ƙarshe. Da aka kawo ruwa na ce wa Kawu Sale ya zo ya nuna mini.

Bangon ɗakin ya sha sabon yaɓe, sumul. Kawu ya shafa shi da alfahari ya ce duk tsagar da ta fito sun toshe ta, ko ƙadangare ba zai samu wurin shiga ba. Na ce, "A ina kuke ɗebo ƙasar yaɓen?" Ya ce a nan ƙasa mana, ai babu jar ƙasa mai kyau irin ta kwazazzabo.

Muka zagaya ta gona muka gangara. Da na ɗaga kai sai da na dafe ƙirji. Daidai ƙarƙashin ɗakin suka yi ta haƙa, sun rarake gindin gaɓar har mutum zai iya fakewa a ciki. Indararon ɗakin kuma yana zubo ruwansa a kan gaɓar. Ga ruwa ja yana tsattsafowa daga cikin ramin, ga wata bishiyar darbejiya ta sunkuya saiwoyinta a waje. Wato suna yanke wa ɗaki ƙafa suna shafa masa a fuska.

Na ce, "Kawu, don girman Allah, wa ya ba ku wannan dabara?"

Ya ce, "Haka muka tarar ana yi. Kuma ai bai faɗi ba."

Raina ya ɓaci. Na ce yau Baba Tsoho ba zai kwana a ɗakin nan ba. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce shi ma abin yana damunsa, amma da wane baki ɗa zai ce wa ubansa ya tashi daga ɗakin da aka haife shi? Ya ce, "Ke jika ce. Ke ce za ki faɗa masa abin da kika ga dama, a ce wasa ne."

Na samu tsohon a kan buzunsa yana jan carbi. Idonsa ya yi rauni, amma yana jin sallamata ya gane ni. Ya ce, "A'a, uwargida! An gama yajin?"

Na ce, "Ban gama ba. Wace mace ce za ta zauna da miji mai karkataccen ɗaki? Na zo in tafi da kai Karaye."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wato birni ya koya mini raina miji. Na miƙa masa furarsa, na zauna a gabansa, na ajiye wasa. Na gaya masa abin da na gani a ƙasa, na ce ƙyauren nan ba kumbura yake yi ba, ɗakin ne yake tafiya. Na ce, "Baba, tsoro nake ji. Ba na so a kira ni a ce an tono ka."

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Rabi, a bayan ɗakin nan aka binne cibiyata, a gindin lallen da tsohuwata ta shuka. Mutum ba ya gudun cibiyarsa. Inda take, nan nake."

Na kai dubana waje. Sai na lura da zanar da aka kafa ta toshe lungun da ke bi bayan ɗakin. Na tambaye shi yaushe rabonsa da zagawa can. Ya ce tun da gwiwa ta matsa masa yaran suka tare wajen, wai kada ya faɗi. Na ce to ya tashi ya nuna mini lallen, in ya nuna mini na bar maganar.

Kawu ya yi ta ƙifta mini ido, na yi kamar ban gani ba. Na kama hannun tsohon, na yaye zanar. Daga bango zuwa bakin rami bai wuce taku ɗaya na babban mutum ba. Bayan nan sai sarari. Ya miƙa sandarsa yana laluben ƙasa, sandar ta tafi a iska.

Ya ce, "Sale, ina lallen?"

Kawu ya durƙusa ya ce, "Ruwan bara ya tafi da shi, Baba. Nauyin faɗa maka muka ji."

Tsohon ya tsaya yana kallon ramin. Na ji tausayinsa har na yi da-na-sanin yaye zanar. Can ya ja numfashi ya ce, "To. Ashe ita cibiyar ta riga ni tashi."

Ranar a zaure ya kwana. Ni kuma a ɗakin matar Kawu, ana ta zuba ruwa, kunnena yana ƙarshen gida.

Komawa

Da safe ɗakin yana nan tsaye, kuma ba wanda bai gaya mini ba. Na ce na gani. Kafin mu tashi sai da na sa aka juya indararon ya koma zuba ta cikin gida, aka kwashe kayan ɗakin, aka ɗaure ƙofarsa da kara. Kawu ya yi mini alkawari ba mai ƙara haƙar ƙasa a gindin gaɓar, kuma duk ɗakin da ƙofarsa ta cije, mai shi zai fita kafin a nemi kafinta.

Baba Tsoho ya yarda zai bi ni har damina ta wuce, amma da sharaɗi. Sai da ƙyaurensa. Na katako ne mai nauyi, mahaifinsa ya sassaƙa shi da hannunsa. Na ce, "Baba, a Karaye ma akwai ƙofofi." Ya ce ba irin wannan ba. Haka aka ciro shi, wani maƙwabci Bafulatani ya ara mana amalanken shanu, muka ɗora tsoho da ƙyaure da ni har bakin titi.

A Rogo wa zan tarar in ba direban jiya ba. Ya dubi ƙyauren ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan ne mara lafiyar?" Na ce ya ɗaure shi a sama ya rage surutu. Da muka zo kwalbatin nan muka ga an jera duwatsu an tare rabin hanya, gefen ya tafi da ruwan daren. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Na sani, Hajiya, na sani."

Karaye

Mun iso gida bayan azahar. Maigida ya riga ya sa an share ɗakin da ke kusa da zaure. Tsohon ya ƙi zama sai an kafa masa ƙyaurensa, don haka aka ciro na ƙarfen da ke wurin aka kira kafinta.

Da aka kafa shi a ƙofar da take tsaye daidai, sai abin ya fito fili. Ta gefe ɗaya saman ƙyauren ya taɓo katakon sama. Ta ɗaya gefen kuwa an sassaƙe shi an sassaƙe, har ya bar giɓin da hannun mutum zai shige. Aka rufe, hasken rana ya shigo ta giɓin ya kwanta a kan tabarma, siriri ta nan, mai faɗi ta can. Ko mai raunin ido zai gan shi.

Baba Tsoho ya sa aka taimaka masa ya miƙe tsaye. Ya bi saman ƙyauren da tafin hannunsa tun daga inda yake cikakke har inda ya ƙare, ya zura yatsunsa cikin giɓin. Bai yi mini tsiya ba, bai ce uwargida ba. Ya ce, "Rabi, ashe haka ɗakin ya karkace, ni kuma ina ciki ina barci?"

Kafinta ya ce bari ya samo ɗan katako ya cike wajen. Tsohon ya ce a bar shi haka.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da kakana a raye. Na gode wa mai amalanke da ɗan acaɓa, har da direban. Yanzu kullum da asuba ta giɓin nan nake jin tarinsa, in san ya tashi, in ɗora masa koko.