Hotunan Masarar Bara Da Na Riƙa Tura Wa Banki

Edita, a wancan lokacin ina da ɗan kamfanin sayen hatsi a Birnin Gwari. Da damina nakan raba wa manoman Randagi da Kazage taki da iri, su biya ni da masara da kaka. Da harka ta buɗe sai wani banki a Kaduna ya ba ni rance, bisa sharaɗin jami'insu zai riƙa zuwa duk wata yana duba sitona.

Sau ɗaya tak ya zo. Daga nan ya ce hanyarmu ba ta biyuwa, shi ma mai iyali ne. Wai in riƙa turo hoton buhuna ta waya, in na shiga Kaduna in sa hannu a takardar cewa ya ziyarce ni. Na ga sauƙi ne, na yarda. Shekarar da 'yan bindiga suka hana shiga gona, ko tiya ɗaya ba a kawo mini ba. Da wane ido zan dubi mutumin da ya sayar da shanun huɗarsa ya fanso matarsa in ce ya biya ni? Na kira jami'in na faɗa masa gaskiya. Ya ce kada in kuskura in rubuto, manyansa za su rufe asusuna nan take, in dai riƙa turo hotunan bara kafin abubuwa su lafa. Wata bakwai ina tura ƙarya da hannuna.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi, masu bincike suka zo daga hedkwatar bankin suka tarar da sito wayam. A gabansu jami'in nan ya rantse duk wata yana zuwa, wai buhunan aro nake jera masa, ga sa hannuna shaida. Har ya dube ni ya ce, "Haba Alhaji, ni za ka yi wa haka?" Kwana tara na yi a tsare. Aka sayar da sitona da motata, shi kuwa reshe kawai aka canza masa. Daga baya manajan bankin ya ce da na sanar a rubuce tun farko, da sun ƙara mini wa'adi.

Ina jin haushinsa, amma haushin kaina ya fi ci mini rai, domin ba wanda ya riƙe mini hannu. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, jami'in da ya ce ku ɓoye wa banki asara, kujerarsa yake karewa. Ku rubuta gaskiya ranar da ta faru, ku riƙe kwafi. Kada ku sa hannu a kan ziyarar da ba a yi ba.