Kaskar Shanun Yaya

Damunar farko bayan na fara koyarwa a Funtua, na koma gida Tsiga hutu, na tarar Yayana ya sayi bijimai biyu na huɗa. Kullum da safe, kafin ya ɗaura musu garma, sai ya tsuguna a gindin turke yana cire musu kaska daga kunnuwa da ƙarƙashin wutsiya. Da farce yake murje su, ya goge jinin a wando. Haka muka taso muka ga mahaifinmu yana yi.

Ana tsakiyar huɗar masara zazzaɓi ya kwantar da shi. Muka ce sauro ne. Mai kemis ɗin unguwarmu ya yi masa allura uku, babu sauƙi. Ya koma ya ce taifod ne, ya ɗaura masa ruwa. Ciwon kai ya hana Yaya ko buɗe ido, sallah ma a zaune yake yi. A rana ta tara matarsa ta same ni a zaure, ta ce ita dai a kai shi Malumfashi.

A asibiti aka ɗebi jininsa, ba a ga maleriya ba. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta sa ya naɗe wando har gwiwa. A bayan gwiwar hagu akwai wani ƙurji mai baƙin ɓawo, kamar an ɗana masa garwashi. Ta tambaye shi ko yana da kaluluwa, ya ce akwai a matsematsi.

"Malam, kana kiwo?"

"Shanu biyu ne, Hajiya, na noma."

"Kaska ta taɓa kama ka?"

Yaya ya yi murmushin ƙarfin hali. "Ai wannan kullum ne. Sai in cire in yar."

Ta ce to wata kaskar tana ɗauke da ƙwayar cuta, in ta ciji mutum ta zuba masa a jini, kuma maganin sauro ba ya taɓa ta. Kwarkwata da ƙuma ma, in ji ta, suna da irin nasu. Ta rubuta kafso na mako guda, ta ja masa kunne kada ya daina don ya ji dama.

A mota Yaya ya ce mini bai yarda ba, wai a ce ƙwaron da bai kai ƙwayar dawa ba ne ya kayar da shi. Amma ya sha maganin. Kwana biyu zazzaɓin ya sauka, a na huɗu ya nemi tuwo da miyar kuka.

Na kira malamin dabbobi ya wanke shanun da magani, muka share turken muka ƙone tsohuwar ciyawar. Ragowar huɗar, maƙwabta suka yi masa gayya. Masarar ta ɗan makara, amma ta yi. Ni kuma na koma Funtua ranar da aka buɗe makaranta.