Wurin da Gwaggo ta ce a maido mata baya

Shekarar da Gwaggo ta dawo daga aikatau a Saudiyya, ni ce mai kai mata fim. A kasuwar Kaura Namoda ake tura min a waya, ranar Asabar in shiga motar Zurmi, ina ta ƙulla soyayya a raina tsakanin fasinjojin da ba su ma san juna ba.

Shekara tara ta yi can. Ta bar 'yarta ta fari tana aji uku, ta tarar da ita budurwa. Gida ɗaya suke, amma ban da gaisuwar safe babu abin da ke haɗa su. Gwaggo, kamar iyayenmu duka, ba ta kama sunan 'yar fari saboda kara, "waccan" take cewa. Ita kuwa budurwar ta ɗauka mantawa da ita aka yi.

Fim ɗin da na kai mata wata Asabar na Filifin ne, mai fassarar Hausa. Wata uwa ta tafi ƙasar waje renon 'ya'yan wasu, ta dawo, 'yarta ta ƙi ko kallonta. Na yi kuka har mayafina ya jiƙe. Yayana, malamin firamare a Sakajiki, da ya zo gaishe da Gwaggo ran nan, ya ce ya karanta abin da masu sharhin fina-finai suka rubuta, wai tatsar hawaye kawai aka yi da kiɗa mai taushi, babu uwar da za ta durƙusa wa 'yarta.

"Ke dai ƙanwata, ko tallar sabulu anka sa ma kiɗa sai kin yi kuka," in ji shi.

Gwaggo ta goyi bayansa. "Mutanen nan ba su da kara. Uwa ta rungume ɗiyar fari gaban jama'a?" Sai ta juyo gare ni. "Maido min wurin baya, ban ji abin da ta ce ba."

Sau uku ina maidowa. Wurin ne da uwar ke cewa duk yaron da ta goya a can, fuskar 'yarta take gani.

Sai Gwaggo ta miƙo min wayar, ba ta dube ni ba. "Kai ma waccan. Daga nan za ki sa mata."

Na same ta a madafa. A tsaye ta kalla, muciya a hannunta, har tuwo ya so kamawa.

Bayan la'asar ta fito da tsinken kitso da kwalbar mai, ta tsaya bayan uwarta.

"Inna, kitsonki ya tsufa."

Gwaggo ta zame ɗankwalinta, ta gyara zama a kan tabarma.