Jar Danja da Ƙafar Baba Birki

A unguwarsu, duk wanda ka ga ya iya juya sitiyari, in ka bincika ta hannun Baba Birki ya biyo. Shekara da shekaru yana zaune a gidan gaba na wata tsohuwar farar mota mai jan L gaba da baya, a kujerar da ake ce wa ta mai zaman banza, shi kuwa bai taɓa zaman banza a cikinta ba. Ƙafarsa kullum tana kan birkin da ya sa makanike ya ƙara masa a ɓangarensa. Ƙafar nan ta saba har ta daina neman izini. Ko a motar haya yake, da direba ya matsi ta gabansa sai ka ji ihu, Baba ya take ɗan yatsan maƙwabcinsa. Daga nan sunan ya samo asali.

Bai taɓa yi wa ɗalibi tsawa ba, kuma abin da ke ƙona musu rai ke nan. Ka kashe mota a tsakiyar titi, duniya ta taru tana danna maka hon, shi kuwa sai ya gyara tabarau ya ce, “Ba komai. Giya ɗaya. Kalli gabanka, kar ka kalli ƙafarka.” Ya koya wa ’yan kasuwa, ya koya wa malaman makaranta, har da wata tsohuwa da ke rufe ido in ta hango babbar mota. Mutum ɗaya ce ta gagare shi, ’yarsa ta fari, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na jinya. Tun tana budurwa mota ta mace mata a ɗan hawan nan na shiga gidan mai, ta sulalo da baya, ya ce mata “Ba komai,” ta fashe da kuka ta fice. Har yau motar haya take hawa.

Ita ce kuwa ta tayar da maganar makulli. Ta zo ofishinsa, wani ɗan ɗaki a saman shagon masu faci, ta tarar da shi a tsakiyar matakala yana haki, ya dafa bango. Ta ɗaura masa abin awon jini, ta duba, ta ɗaure fuska.

“Baba, aikin nan ya ishe ka. Ka ba ni makullin motar nan ka huta.”

“Hutun me? Iska nake sha.”

“A matakala? Mutumin da bene ɗaya ke kayarwa?”

Aka yi rashin sa’a, talabijin ɗin da ke jikin bango yana tallan gudun fanfalaki da za a yi a wani birni can kudu, kilomita ashirin da ɗaya, wai ma rabin na manya ke nan. Baba ya nuna shi da baki ya ce ko wannan sai ya yi. Nas ta ce ta ji ta gani: in ya gama, ba za ta sake ɗaga maganar ba, in kuwa ya kasa, makulli ya zama nata. Masu faci suka hau yin shaida tun ba a gayyace su ba.

Sai ga Baba kullum da sassafe cikin wandon motsa jiki yana zaga unguwa. Gudu yake yadda yake koyar da tuƙi. Kafin ya sha kwana sai ya miƙa hannu, kafin ya wuce mai tura baro sai ya waiwaya ya duba bayansa. Watanni suka shuɗe, tumbi ya saɓe, haki ya ragu. Nas ta ja shi wurin likita da fatan a hana shi, likita ya ci amanarta, ya ce jinin ya sauka, Baba ya je ya yi gudunsa a hankali.

Abu ɗaya ne babu wanda ya gaya masa. Garinsu shimfiɗe yake kamar faranti, tudun da ya fi kowanne shi ne na gidan man nan. Da motarsu ta shiga birnin kudu tana nishi, ya leƙa taga ya ga gidaje a kan gidaje, titi ya miƙe sama kamar an jingina tsani, sai ya cire tabarau ya sake dubawa.

“Lafiya, Baba?” in ji Nas, tana danne dariya.

“Tausayin kulocin mutanen garin nan nake ji.”

Ranar gudu, mai lasifika ya yi bayani: an rufe tituna saboda masu tsere, amma akwai bas da za ta biyo baya sannu a hankali, duk wanda ta cim masa za a saka shi ciki, nasa gudun ya ƙare. Nas ba ta yi wata-wata ba, ta je ta ce ita ma’aikaciyar jinya ce, ko suna buƙatar hannu? Suka ba ta gidan gaba a bas ɗin. Ta ɗago jakarta ta kaɗa masa daga nesa, makullinsa da ya ba ta ajiya na ciki.

Aka busa usur. Baba ya ga abin da bai taɓa gani ba, dubban mutane a kan titi, babu mai bin hannunsa, babu mai ba wani tazara. Ya kama gefensa yana tsaki. Hawan farko ya sha shi da ƙananan taku, na biyu ma haka, har ya fara jin kansa. Gangara ce ta fi ba shi wuya, don wasu sakin jiki suke su tafi, shi kuwa birki yake ja, gwiwoyinsa na kuka.

Sai aka iso wata babbar mahaɗa. An rufe hanya, gaskiya ne, amma babu wanda ya tuna ya kashe danja. Baba na isowa ta kawo ja. Ƙafar nan tasa ta tsaya cak.

Masu gudu suka riƙa ratsa shi hagu da dama. Wata mai raba ruwa ta ɗaga murya, “Baba, wuce mana! Babu mota, an rufe titi!”

“Na sani, ’yata.”

“To me kake jira?”

“Kore.”

Ya san abin dariya ne, shi ma kunya yake ji. Amma bakin da ya shekara talatin yana cewa ko babu kowa a titi ja ja ce, yau ƙafarsa ta riƙe shi da maganarsa. Ya tsaya har ta saki. A mahaɗa ta gaba ma haka aka yi, kuma wannan danjar irin mai dogon tunanin nan ce. Kafin ta ba shi hannu, gumi ya bushe a jikinsa, sharaɓarsa ta ɗaure, titi ya yi fayau babu kowa sai kofunan roba. Can ƙasa ya jiyo nishin bas.

Hawan ƙarshe shi ne uban sauran. Baba ya kai tsakiyarsa, inji ya mutu. Ya dafa gwiwa, har ya ji ya yi taku ɗaya da baya. Tsoro ya kama shi, ba na tudun ba. Tun da mai ɗakinsa ta rasu, gidan nan ya yi masa shiru, ko cokali ya faɗi sai ya ji ƙararsa har tsakar kai. Motar nan ce kaɗai wurin da wani ke juyowa ya ce, “Baba, yanzu me zan yi?” In aka karɓe makulli, bai san abin da zai tashe shi da safe ba. Bai taɓa gaya wa Nas haka ba, don ba irin maganar da yake iya yi ba ce.

Bas ta tsaya can ƙasa tana kwasar wasu samari biyu da suka zube a gefen titi. Ya ji takun takalmi na hawowa da sauri, bai ɗago ba, don ya san takun ’yarsa.

“Kin zo saka ni a bas?”

“Tun daga danja ta biyu nake hango ka ta gilashi,” in ji ta, tana haki. “Kai kaɗai a titi, ka ƙame kamar soja. Na yi dariya har hawaye, Baba, sai dariyar ta ƙare hawayen suka ƙi tsayawa.”

Ta gyara tsayuwa a gefensa na dama, ta sassauta murya yadda yake yi.

“Ba komai. Giya ɗaya.”

Ya ɗago ya dube ta.

“Kalli gabanka, kar ka kalli ƙafarka.”

Ashe duk shekarun nan tana riƙe da karatun. Ya ɗaga ƙafa, ya sauke, ya sake ɗagawa. Suka riƙa hawa, shi yana ja, ita tana gyara masa, bas na biye da su tana huci. Da suka kai ƙoli sai ga wurin gamawa can ƙasa, tutoci na kaɗawa, ana ta naɗe igiyoyi. Tsakaninsu da wurin kuwa akwai danja ɗaya, suna isa ta kawo ja.

Ƙafar Baba ta fara abin nata. Nas ta cafke hannunsa.

“Yau ni ce a kujerar birki, kuma ban taka ba. Wuce!”

Ya runtse ido, ya yi istigfari, ya tsallaka jar danja karon farko a rayuwarsa. Shi ne na ƙarshe da ya taka layi da ƙafarsa, bas na bayansa har yana jin zafin injinta a ƙeya. Aka rataya masa lamba a wuya, ya zube a kan dakali.

Nas ta buɗe jaka, ta ajiye makulli a tafin hannunsa.

“Ranar Litinin da safe kana da ɗaliba.”

“Wa?”

“Ni.”

Ya san rabin dalilin don ta sa masa ido ne, ita ma ta san ya sani. Daɗi ya cika shi. Ya damƙe makullin, ya cire tabarau yana gogewa da rigar da ta fi tabarau ɗin jiƙewa.

“Hawan gidan man nan fa yana nan,” ya ce.

“Na sani, Baba. In na sulalo da baya, ai kana gefena.”